Labarin fatalwa ga yara: a ba su ko a hana?

Malama Asabe, Garwa:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Shawara nake nema. Ina koyarwa a firamare a nan Garwa, arewacin Kamaru, ranar Asabar da yamma kuma nakan tara yaran unguwa, 'yan shekara 7 zuwa 11, mu yi karatun Hausa a zauren gidanmu. Kun san halin da muke ciki: makaranta Faransanci, titi da kasuwa Fillanci, Hausa sai cikin gida. Na lura ba abin da ke zaunar da yaran nan wuri guda kamar labarin ban tsoro. In na kawo na tsafta ko na noma, sai hamma da tsokanar juna. In na ce "wani dare, a wani kango," sai wuri ya yi tsit, har wanda bai gama iya haɗa baƙi ba yana miƙo hannu a ba shi takardar. Shi ya sa nake son in rubuta gajerun labarai irin waɗannan in buga musu. To sai wata uwa ta aiko mini cewa kada in kuskura in karanta wa ɗanta labarin fatalwa. Ina iyakar take? Me ya dace da yaro, me bai dace ba?

Malam Sani, Marwa:
Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka da alheri kan hidimar yaran nan. Uwar nan tana da gaskiya, kuma dalilin ya wuce tsoro. Fatalwa a bakin mutane ita ce mamaci ya taso yana yawo cikin masu rai, wannan kuwa babu shi. A Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya, aka ce a'a, a gabansu akwai shamaki har ranar da za a tashe su. Larabawan jahiliyya ma suna da irin wannan camfi, suna cewa wanda aka kashe kurwarsa na zama tsuntsun dare tana kuka a kan kabarinsa sai an ɗaukar masa fansa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore wannan, yana cikin Buhari da Muslim. Abin da yaro ɗan shekara 7 ya karanta a takarda, musamman daga hannun malamarsa, gaskiya ne a wurinsa. Kada mu gina da safe a makarantar allo, mu rushe da yamma a zaure.

Hamma Bello, Kuseri:
Allah gafarta Malam, ban ja da aya ba. Amma mu duba abin da ke hannun yaran a yau. Ni direba ne, ina ganin yaran tasha da na unguwa, sun haɗa kai su biyar su shida a kan waya ɗaya suna kallon gawa na fasa kabari, jini ko'ina, ba babba ko ɗaya a kusa. In Malama ta fasa, ba daina jin labarin tsoro za su yi ba, wayar ce za ta ci gaba da ba su. Gara wanda aka tace, aka karanta da babba a gefe.

Malam Sani, Marwa:
Hamma Bello, ban ce a hana labarin ban tsoro ba. Na ce kada a tayar da matattu a cikinsa.

Goggo Ladi, Ngaundare:
Jikata ce ke rubuta mini, ni nake faɗa. Asabe 'yata, abin da kike nema ai yana cikin gida, iyayenmu sun gama aikin tun tuni. Mu da muka tashi da tatsuniya mun sha tsoro har mu ƙanƙame juna, amma ba wanda ya kwana da shi. Kin san dalili? Kaka ba ta farawa sai ta ce "ga ta nan, ga ta nanku," mu ce "ta zo mu ji ta." Daga nan kowa ya san an shiga wata duniya. In ta gama ta ce "ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Da bakinta ta gaya mana shiri ne. Ga wuta na ci a murhu, ga ƙafar kaka kana jingine da ita, ga 'yan'uwanka. Kuma Dodo nake ji ana kira, da kura, da Gizo da Ƙoƙi, ban taɓa jin kakata ta ce wane da ya rasu bara shi ne ya dawo ba. Dodo ba ɗan kowa ba ne, ba uban kowa ba ne, ba shi da kabari a unguwa.

Wadda ta fi ba mu tsoro ita ce ta yarinyar da uwarta ta ɓoye a ɗakin dutse, ƙofar ba ta buɗuwa sai da waƙar uwar. Dodo ya laɓe ya ji waƙar, ya zo ya rera da ƙatuwar muryarsa, yarinya ta ce wannan ba muryar innata ba ce. Ya tafi wurin maƙeri aka gyara masa harshe, ya dawo da siririyar murya. A nan kaka takan yi shiru, ta gyara itacen wuta, mu kuwa numfashi ya tsaya. Sai yarinyar ta ce, in ke ce innata, turo hannunki ta ƙarƙashin ƙofa. Ka ga yaro ya ji tsoro, ya kuma koyi kada ya buɗe wa baƙo ƙofa don daɗin bakinsa.

Malama Asabe, Garwa:
Goggo, Allah ya ƙara girma da lafiya. Wurin nan da kaka ke yin shiru tana gyara wuta shi ne ke ba ni wuya a rubuce, takarda ba ta yin shiru. Sai dai in sa a ƙare shafi a daidai wurin, yaro ya juya da hannunsa.

Maman Walida, Injamena:
Ina karantawa tun ɗazu, na rasa ta inda zan fara. Mijina ya rasu, Allah ya jiƙansa, lokacin ƙaramar 'yata tana shekara 5. Bayan sadakar arba'in wata yarinya a makarantarsu ta ba ta labarin cewa wanda ya mutu yana dawowa gidansa da dare cikin likkafani, ya tsaya a bakin ƙofa. Kowa zai ɗauka tsoro za ta ji. Ba ta ji tsoro ba, jira ta shiga yi. Sai in farka tsakar dare in same ta zaune a bakin katifa, ido a kan ƙofa. Na tambaye ta, ta ce Baba take jira, kada ya zo tana barci ya koma. Ban san yadda zan gaya muku abin da na ji ba. Malama, cikin yaran da ke zuwa zaurenki akwai marayu, ko kin sani ko ba ki sani ba. Labarin da ɗa mai uba zai yi dariya bayansa, maraya zai tafi da shi gida.

Malam Sani, Marwa:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya gafarta masa, ya raya abin da ya bari, ya ba ki ladan haƙuri, 'yar'uwa.

Hamma Bello, Kuseri:
Amin. Allah ya shirya mana su. Maman Walida, maganarki ta shige ni.

Adda Hauwa, Marwa:
Allah ya jiƙansa, Maman Walida. Ni ma'aikaciyar jinya ce, abin da 'yarki ta yi ba baƙo ba ne a shekarunta. Yaro ƙasa da shekara 6 ko 7 yawanci bai gama gane cewa mutuwa ba a dawowa daga gare ta ba, yana ɗaukar ta tafiya ce. In aka ba shi labarin da ya ce ana dawowa, an tabbatar masa da abin da zuciyarsa ke so ne.

Sannan mu tuna inda muke zaune. Nan Marwa an tayar da bam a watan Yulin 2015, Injamena ma a shekarar an tayar. Sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo yana nan kusa da Mokolo tun 2013, akwai yaran da aka haifa a ciki, akwai waɗanda iyayensu suka gudo da su da dare daga ƙauyukan kan iyaka. Ambaliyar 2024 ta raba dubban gidaje da muhallinsu a Yagwa da Kuseri da cikin Chadi. Yaron da ya taɓa jin an buga ƙofar gidansu da dare da gaske, labarin "sai aka ƙwanƙwasa ƙofa" ba wasa ba ne a wurinsa. Za ki ga fitsarin kwance ya dawo bayan ya daina, ko ya ƙi kwana shi kaɗai, ko ya riƙa firgita cikin barci. Don haka ba shekaru kaɗai za a duba ba, a san yaron da abin da ya gani.

Ɗanjuma, Ngaundare:
Iyayena ku yi mini haƙuri, ni ɗalibi ne a jami'a, ƙarami a cikinku. Ina da mafita mai sauƙi. A rubuta labarin da kowa a gari ke cewa fatalwa ce, a ƙarshe yaro ya gano ba ita ba ce. Ga misali da na tsara:

Akwai wani kango a bayan gari, kowane dare ana jin numfashi mai nauyi daga ciki, kamar mutum na minshari, wani lokaci a ga wani farin abu ya fito ta taga ba ƙara ba motsin iska. Mata suka daina bi ta nan zuwa rijiya. Wata yarinya, Kande, akuyarta ta ɓace, sawun ya nufi kangon. Ta je ta gaya wa kakanta, ya ɗauki fitila da sanda, ta riƙe gefen rigarsa. Suna shiga numfashin ya ƙaru. Kaka ya ɗaga fitila sama, sai ga 'ya'yan mujiya a kan katanga sun buɗe baki suna huci, uwarsu fara ta shigo da ɓera a baki. Akuya kuwa tana kwance a lungu, ta haifi 'yan biyu.

Kuma gaskiya ne, farar mujiyar nan da ke zama a kangaye da rufin masallatai 'ya'yanta haka suke huci in suna neman abinci, kuma tashinta ba ya ƙara. Haka za a yi da kwanon rufi da ke ƙara da dare in ya huce daga zafin rana, da jemagu a bishiyar mangwaro, da gurnanin dorina a Binuwai.

Malama Asabe, Garwa:
Ɗanjuma, wannan ya yi kyau ƙwarai, musamman da Kande ba ta tafi ita kaɗai ba, ta nemi babba. Ka ba ni izini in sa shi?

Ɗanjuma, Ngaundare:
Na ba ki, Malama, ki gyara yadda kika ga dama.

Goggo Ladi, Ngaundare:
Ɗan nan, labarinka ya yi daɗi, Allah ya yi albarka. Amma kada a mai da su duka haka. In na farko mujiya ce, na biyu akuya, na uku zanen shanya, kafin na huɗu yara sun gane, za su ce ai ƙarshe ba komai ba ne, su watse. A cikin tatsuniya Dodo Dodo ne, yana da haƙora, yana cin mutane. Daɗin shi ne ƙaramar yarinya ta fi shi wayo. In ka cire Dodon ka cire nasarar yarinyar. Yaro na bukatar ya ga abin da ya fi shi ƙarfi an kayar da shi.

Ɗanjuma, Ngaundare:
Goggo, amma ba shi ne muke gudu ba? Mu cusa musu abin da babu?

Goggo Ladi, Ngaundare:
Wa ya taɓa zuwa jana'izar Dodo? Yaro ya san Gizo ba ya magana, ya san kura ba ta zuwa kasuwa. Wanda bai sani ba shi ne ina babansa ya tafi. Can ne ba a wasa.

Malam Sani, Marwa:
Maganar Goggo ta yi daidai da abin da na fahimta. Tatsuniyar da mai yi da mai ji duk sun san shiri ne ba yaudara a cikinta. Inda nake jan kunne wuri biyu ne. Na farko aljanu. Su akwai su, Alƙur'ani ya ambace su, har sura guda aka saukar da sunansu, don haka yaro ba zai iya cewa "ai tatsuniya ce" ya huta ba. In aka cika masa kai da aljanin tsamiya da na bayan gida da na kududdufi, sai ya tashi yana tsoron halitta fiye da Mahalicci. In za a ambace su a taƙaita, a haɗa da abin da zai riƙe: Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi, addu'ar shiga bayi, addu'ar kwanciya. Hadisin tsare yara a gida in magariba ta kawo kai yana nan a Buhari da Muslim, a koya musu shi a matsayin ladabi, ba tare da ƙarin gishiri ba.

Na biyu, mu iyaye da ke tsorata yaro don ya yi shiru. "Ga fatalwa nan za ta kama ka." Wannan ba tatsuniya ba ce, ƙarya ce tsagwaronta aka yi wa yaro don a huta. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu sahabbai a tafiya sun ɗauke igiyar wani yana barci, ya farka a firgice, Annabi ya ce bai halatta Musulmi ya firgita Musulmi ba. In babba ne aka hana a firgita shi da wasa, ina ga ɗan shekara 3?

Baffa Iliya, Garwa:
Malam ya ambaci biyu, ni zan ƙara na uku, kuma a wurina shi ya fi haɗari: maita. Malama, don Allah kada a sa tsohuwa mai jan ido da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen unguwa tana kama kurwar yara. Kowace unguwa tana da irin wannan tsohuwar da gaske, talauci da rashin 'ya'ya ne suka bar ta ita kaɗai, jan idon kuma hayaƙin murhu ne. Yara su ji labari yau, gobe su bi ta da jifa. Na ga an yi wa wata a unguwar da na taɓa zama, yaro ya yi zazzaɓi yana sambatu ya kira sunanta, aka taru a ƙofarta ana cewa sai ta tsallake shi. Zazzaɓin sauro ne, a asibiti aka warkar da shi, amma matar ba ta sake zama a unguwar ba. Kuma a nan Kamaru zargin ba ya tsayawa a baki, sashe na 251 na dokar hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 kan maita, kenan maganar yara na iya kai mutum gaban alƙali. Haka kuma kada a mai da zabiya ko kuturu ko mai taɓin hankali abin tsoro. In ana son tsohuwa a labari, ta zama ita ce mai ceton yaran.

Adda Hauwa, Marwa:
Baffa, Allah ya biya ka. Sambatun zazzaɓi mai zafi ya raba zumunci da yawa. A ƙara da dannau, Malama. Manyan yaranki wasu sun fara jin sa: mutum ya farka ya kasa motsi, ya ji kamar an danne masa ƙirji. Ƙwaƙwalwa ce ta farka jiki bai gama fita daga barci ba, yana wucewa da kansa cikin ɗan lokaci, kuma ya fi samun wanda ba ya samun isasshen barci ko mai kwanciya rigingine. Labari ɗaya a kan wannan zai sauke wa yara nauyi.

Hamma Bello, Kuseri:
Ni dai akwai abin da bai kwanta mini ba. Yaran da suka rasa iyaye fa, ba za a ba su komai a kan wanda ya tafi ba? Ni kakata ce ta raine ni. Da ta rasu, da wani ya ba ni labarin kaka mai kirki da ke leƙo jikanta, da na ji sanyi. Ba duk mai dawowa ne mugu ba.

Maman Walida, Injamena:
Hamma, wannan mai kirkin ita ce ta hana 'yata barci. Da mugu aka ce mata da ta ɓuya a bayana. Mai kirki aka ce, shi ya sa ta jira.

Malam Sani, Marwa:
Akwai hanyar da ba ta saɓa ba, Hamma Bello: mafarki. Mutum na ganin mamacinsa a mafarki, wannan sananne ne, ba wanda ya hana. A rubuta yaron da ya ga kakarsa a barci tana murmushi, ya farka ya san tana inda take, ya je ya yi mata addu'a, ya ba almajiri sadaka da niyyarta, ya shayar da bishiyar da ta dasa. An ba shi abin yi da kewarsa, ba a sa shi gadin ƙofa ba.

Hamma Bello, Kuseri:
Na ji, Malam. Wannan ba labarin tsoro ba ne kuma, amma zan so in ga an rubuta shi. Sai dai har yanzu ina ganin 'yan shekara 12 zuwa sama, waɗanda suka riga suka san aƙidarsu, ba abin da labarin fatalwa zai yi musu in an gaya musu ƙage ne.

Malam Sani, Marwa:
A nan mun bambanta, ni ba zan sa hannu a kai ba ko ga manyan. Amma yaran Malama ba su kai nan ba, mu gama da nasu tukuna.

Ɗanjuma, Ngaundare:
Malama, wata matsala kuma ita ce karatun kansa. Ƙannena sun saba da rubutun Faransanci, in suka ga "c" sai su karanta ta "k" ko "s", ƙ da ɗ da ɓ kuwa ba su taɓa gani ba. Ko za a haɗa kowane labari da murya a WhatsApp, yaro na ji yana bin rubutun da yatsa? Kuma ki nemi littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, guda 6 ne, tun farkon shekarun 1970 aka buga su don 'yan makaranta. Masu zuwa Yola ko Kano za su iya dubo miki, ki ga yadda ya sauƙaƙa jimloli.

Malama Asabe, Garwa:
Na gode, zan sa a dubo. Ga yadda zan yi: na Ɗanjuma na mujiya zai shiga, da wani a kan dorina tunda yaranmu na jin gurnaninta daga bakin kogi, da na dannau. Sauran na Dodo ne irin na Goggo, kowanne da buɗewarsa da rufewarsa. Na mafarkin kaka zan rubuta shi dabam in fara nuna wa Maman Walida, in ta ce bai yi ba a ajiye shi. Uwar da ta aiko mini kuma zan kai mata takardun da kaina ta karanta kafin ɗanta ya gani. Goggo, ki taimaka jikarki ta ɗauki muryarki kina yin ta ɗakin dutse tun daga farko, har da waƙar, don ban san karinta ba.

Goggo Ladi, Ngaundare:
Sai bayan isha'i, 'yata, ba a tatsuniya da rana. Ki ce wa Ɗanjuma ya zo da wayarsa, tamu ba ta riƙe caji.

Maman Walida, Injamena:
Ki turo mini, Malama, zan karanta. In da hali a sa wa yaron labarin ya zama mace, 'yar shekara 8 haka, Walida ta kai nan yanzu kuma ta fara haɗa baƙi.